Janar Seyni Kunce: Sojan Fandu Da Ya Riƙe Nijar Shekara 13

 

Abin da ya sa munka ɗauko wanga tarihi shi ne gardamar da ta tashi ran taron ƙungiya, lokacin da anka zo maganar rumbun tsimi da kuɗin asusu. Wani yaro cikin samarinmu ya miƙe ya ce da Kunce na da rai da ba a taɓa ko tiya guda ta hatsin jama'a ba. Wani dattijo ya amsa mashi cewa da Kunce na da rai, da shi yaron bai isa ya miƙe cikin taro ya buɗa baki haka ba. Anka yi dariya, anka watse, amma maganar ba ta mutu ba. Mun lura yawancin masu kiran sunan mutumen ga ba a haife su ba lokacin da ya rasu. To, waiwaye adon tafiya ne. Ga abin da munka sani na rayuwarshi, da daɗinta da ɗacinta, don kowa ya auna da kanshi.

ASALINSHI DA SHIGARSHI SOJA

An haifi Seyni Kunce a 1931 a ƙauyen Fandu, cikin ƙasar Tondikandiya, wajen Filinge. Bazabarme ne, ɗan gidan sarauta. Zamanin nan anasara na riƙe da ƙasa, kuma Faransa na ɗibar ɗiyan sarakuna da ɗiyan tsofaffin soja tana kai su lakwal ɗin da ake renon yara don aikin bindiga. Haka anka kai shi Kati, cikin ƙasar da ake kira Mali yanzu, daga baya ya wuce Sanluwi ta Senegal. A 1949 ya shiga sojan Faransa sosai, yana ɗan shekara 18.

Kamar sauran baƙaƙen soja na wancan lokaci, an tura shi yaƙin da ba na ƙasarshi ba. Ya yi Indoshin, ya yi Aljeriya. Dattawanmu da sunka san tsofaffin soja masu karɓar fansho a Maraɗi ko Damagaram sun san irin mutanen da wannan aiki ke fitarwa: ba su son wasa da lokaci, ba su son a maimaita masu magana, kuma takalminsu kullum a goge. Kunce ya fara daga ƙasa, ya yi sarja, kana ya yi karatun hafsa a Faransa.

Nijar ta samu mulkin kai ran 3 ga Agusta 1960. A 1961 ya baro sojan Faransa ya shigo rundunar ƙasarmu, wadda a lokacin ƴar ƙarama ce ƙwarai. Ya koma Paris ƙarin karatu a 1965 da 1966, ya komo ya zama mataimakin shugaban hafsoshi. A 1973 Shugaba Jori Hamani ya ɗora shi bisa dukan rundunar, yana da galan liyetna-kolonel. Wato Jori da hannunshi ya miƙa ma mutumen da zai tuɓe shi makullin bariki, shekara guda kawai kafin abin ya auku.

YUNWA DA JUYIN MULKIN 1974

Ba a gane Kunce sai an tuna halin da ƙasa ke ciki. Tun 1968 ruwan sama ya fara ja da baya, har abin ya kai maƙura a 1973. Gero ya ƙone a gona tun bai fid da kai ba. Shanun Filani da raƙuman Buzaye sunka faɗi bisa hanya. Mutanen arewa sunka gangaro kudu da ƴan komatsansu, har anka yi babban sansanin masu gudun yunwa a Lazare, gefen Yamai. Cikin garuruwanmu an ci dussa, an ci ganyen da ba a saba ci ba, an tona gidan tururuwa don neman ƙwayar hatsi. Da yawa cikin iyayenmu a wannan shekara ce sunka fara tsallaka iyaka zuwa Katsina da Kano da Sakkwato.

Jam'iyya guda ke mulki, PPN-RDA, tun da anka hana Sawaba ta Jibo Bakari a 1959. Taimakon abinci na shigowa daga ƙasashen waje, amma magana ta bazu ko'ina cewa manya na karkatar da shi, suna ɓoyewa suna saidawa da tsada. Ƴan lakwal da malamansu na yajin aiki. Su kuwa soja, su ne ake turawa da motoci cikin daji, sunka ga gawarwakin bisashe da ƙanjamammun yara da idonsu.

Daren 14 wayewar 15 ga Afrilu 1974, lokacin hutun bikin Kirista, soja sunka fito. Kafin gari ya waye sun kama Jori da ministocinshi da Bubu Hama, shugaban majalisa. An zub da jini a fada, kuma cikin waɗanda sunka rasu har da uwargidan shugaban, Hajiya A'isha Jori. Da safe rediyo ya faɗa ma duniya cewa an rushe majalisa, an jingine tsarin mulki, an hana jam'iyya. Ƙungiyar hafsoshi da anka kira CMS ta karɓi ƙasa, Kunce na bisa kanta.

Akwai abu biyu da sunka zo daidai da lokacin. Shugaban Faransa Pompidu ya rasu ran 2 ga Afrilu, kwana goma sha uku kafin juyin. Kuma Jori na cikin ja-in-ja da Faransa bisa kuɗin iraniyom, yana son a ƙara mashi. Shi ya sa har yau wasu ke cewa da sanin Faransa anka yi. Abin da kowa ya gani dai shi ne sojan Faransa da ke Yamai ba su fito sun ceci Jori ba, kuma cikin wannan shekara Kunce ya ce su kwashe kayansu su bar ƙasar, sunka tafi.

HATSI KAFIN KOMI

Alkawarin da soja sunka shigo da shi shi ne ba za a bar ɗan Nijar ya mutu da yunwa ba. Nan ne sunan Kunce ya kafu cikin zukatan talakawa. Anka buɗe mangazoji, anka sa motocin soja jigilar hatsi har ƙauyukan da ba su taɓa ganin motar gwamnati ba sai ta masu karɓar haraji. Anka raba iri kafin damina. Allah kuma ya taimake shi, daminar 1974 ta yi kyau.

Ofishin OPVN, wanda anka kafa tun 1970 don sayen hatsi da ajiye shi, ya samu ƙarfi zamaninshi. Manufar ita ce a sayi hatsi da kaka, a fid da shi da bazara bisa kuɗi mai sauƙi, don kada ƴan kasuwa su shaƙe talaka. An kuma tilasta ma garuruwa ajiyar hatsin tsaro. Ba kowa ya so wannan ba, don akwai shekarun da manomi ke ganin kuɗin da gwamnati ke saye da shi bai kai na kasuwa ba, sai a bi dare da jakkai a tsallaka iyaka. Masu shekaru cikinmu sun san hanyoyin da anka bi.

Gyaɗa, wadda ita ce dukiyar Maraɗi da Damagaram tun zamanin anasara, ta faɗi a 1975 sabo da cuta da fari, ba ta sake komawa yadda take ba. Sai hankali ya koma ga abinci da wake da noman ruwa. An kafa ONAHA a 1978 don kula da gonakin ban-ruwa. Na Ƙonni da na Jiratawa kusa da Maraɗi na cikin ayyukan wancan zamani. Tun 1975 kuma anka mai da ranar 3 ga Agusta ranar dashen itace.

KUƊIN IRANIYOM

Sa'ar Kunce ta biyu ita ce ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙasar Ayar. Kamfanin SOMAIR ya fara haƙo iraniyom a Arlit a 1971, COMINAK ya biyo baya a Akuta a 1978. Bayan tsadar man fetur ta 1973, ƙasashen Turai sunka ruga ga wutar nukiliya, kuɗin iraniyom ya hau. Baitulmalin Nijar ya ga kuɗin da bai taɓa gani ba.

Da kuɗin nan anka shimfiɗa kwalta daga Tawa zuwa Agadas har Arlit, wadda ake kira hanyar iraniyom. Anka gina gidan wuta mai aiki da gawayin ƙasa a Anu Araren. Yamai ta samu manyan gine-gine irin su otal Gaweye da babban zauren taro. Anka ƙara lakwal da gidajen likita da rijiyoyin siminti. Abin da ya fi taɓa mu kai tsaye shi ne sauke harajin kai da gwamnati ke karɓa. Wanda bai ga yadda ake shanya magidanci a rana gaban iyalinshi sabo da kuɗin haraji ba, ko yadda ake saida akuyar mace don a fanshe mijinta, ba zai gane nauyin da anka sauke ba.

An ta da samariya, wadda tsohuwar al'adarmu ce, anka ba ta matsayi cikin aikin gwamnati. Kowane gari da sarkin samarinshi. Samari sunka buga tubali sunka gina azuzuwa, sunka share hanyoyi, sunka yi gayya. A 1975 anka yi kokowar ƙasa ta farko a Tawa, Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobi. Shekara ta gaba anka buɗe bikin matasa na ƙasa a Damagaram. Amma mu faɗi gaskiya, samariya ita ce kuma idon gwamnati da kunnenta cikin gari, ita ke tara mutane tarbon baƙi ko suna so ko ba su so.

TSORON DA YA RUFE ƘASA

Labarin da kowa ya fi sani shi ne na sammakon Kunce. Yakan faɗo ma ofishi ba sanarwa, ya tsaya bakin ƙofa ya ga wa ya zo wa bai zo ba. Yakan tara manyan ma'aikata ya titsiye su da tambaya kan kuɗi da aiki, jama'a na saurare. Ma'aikacin da anka kama da cin kuɗin gwamnati, ko ɗan wane ne, yana iya kwana gidan kaso. Ministoci na shiga suna fita, ba wanda ya san ranar tuɓe shi. Talaka ya ji daɗin wannan, don karon farko ya ga mai babbar riga na rawar jiki.

To amma sandar da ta bugi ɓarawo ba ta tsaya kanshi ba. Shekara 13 ba jam'iyya, ba zaɓen shugaba, ba jaridar da ba ta gwamnati ba. Ƴan leƙen asiri sun cika tasha da kasuwa da majalisar shayi, har mutum na tsoron maƙwabcinshi. Ƴan ci-ranin wancan lokaci sun tuna shingayen jandarma bisa hanya, da yadda ake sauke mutum daga mota sabo da katin shaida. Jori ya yi shekara shida a tsare, yawancinsu a barikin Damagaram, kana anka mai da shi ɗaurin gida a Yamai daga 1980. Jibo Bakari, wanda anka bari ya komo gida a 1974, an kama shi a 1975.

Cikin soja ma abin bai yi sauƙi ba. Kumandan Sani Suna Siddo, wanda shi ne na biyu a CMS kuma da shi anka shirya juyin, an kama shi a Agusta 1975 bisa zargin ƙulla makirci, ya rasu a tsare. A Maris 1976 Kumandan Bayere Musa da wasu sunka gwada juyin mulki, bai yi ba, anka yanke masu hukunci, anka harbe shi da wasu cikin abokanshi. A 1983 an kwashi ɗaliban jami'a zuwa barikin Tondibiya, ɗaya cikinsu ya rasu a can. Waɗannan mutane suna da uwaye da ɗiya, kuma iyalansu na nan da rai. In muna yabon mutum, kada mu yi kamar ba a yi su ba.

Abin mamaki, wanda ya fi kusa da shi ne ya kusa kada shi. Amadu Umaru, da ake kira Bonkano, shi ne amininshi, mai ba shi shawara kan tsaro, kuma mutane na ɗaukar shi malaminshi na asiri. Ya yi dukiya mai yawa a gindin shugaban da ke ɗaure mutane kan dukiya. A farkon Oktoba 1983, Kunce na Faransa wurin taron shugabanni a garin Vitel, sai Bonkano da mutanenshi sunka tashi karɓe mulki. Sojan da sunka tsaya ga Kunce sunka murƙushe abin, Bonkano ya tsere ƙasar waje. Hausawa na cewa ba a mugun sarki sai mugun bafade. Mu dai mun ce sarki ne ke zaɓen bafadenshi.

EL BUHARI

Daga 1980 kuɗin iraniyom ya fara faɗuwa a kasuwar duniya. Bashin da anka ci lokacin wadata ya tsaya a wuya. A 1983 Nijar ta shiga yarjejeniya da Asusun Lamuni na Duniya, anka fara tsuke aljihu, anka rage ɗaukar ma'aikata. A Janairun wannan shekara Kunce ya naɗa farar hula, Mamman Umaru, firaminista, a Nuwamba ya canza shi da Hamid Algabid. Ya kuma kafa majalisun raya ƙasa tun daga ƙauye har Yamai, an gina su bisa samariya da ƙungiyoyin manoma, don su tsaya a madadin jam'iyyu. An yi taron Damagaram a 1982 kan aikin karkara, an yi na Maraɗi a Mayu 1984 kan yaƙi da hamada, inda anka ɗauki alkawarin dashen itace a kowane gari.

Ku ƴan ci-rani, nan ne tarihin ya fi shafar ku. A Janairu 1983 gwamnatin Shagari ta kori baƙin da ba su da takardu daga Najeriya, ƴan'uwanmu da yawa sunka komo da tabarma da buta kawai. A Afrilu 1984 Janar Buhari ya rufe iyaka ya canza launin naira, wanda ke da tsohuwar naira a ɗaki a wannan gefe ta zama takarda. Sai kuma daminar 1984 ta ƙi. Gona ba ta ba da komi ba, ƙofar kudu da munka saba bi in an shiga wuya tana rufe. Shi ya sa mutanenmu sunka raɗa ma wannan yunwa suna El Buhari. Ba a buɗe iyakar ba sai Maris 1986, zamanin Babangida.

Kunce bai ɓoye yunwar ba. Ya fita neman taimako da kanshi, har ya je Amurka wurin Shugaba Regan a Disamba 1984. Cikin gida ya matsa ma kowa da noman rani: duk inda akwai fadama ko tabki ko ruwa kusa, a haƙa rijiya a shuka. Mutanen da ba su taɓa cin kabeji ko dankalin turawa ba sunka koyi nomansu a wannan shekara. An sha wuya, bisashe sun mutu da yawa, an yi asarar rayuka, amma rabon abinci ya fi na 1973 tsari nesa ba kusa ba. Garaken da ke ba matanmu kuɗin cefane da rani, da yawansu daga nan sunka samo tushe.

CIWO DA RASUWA

Yana bisa mulki ya samu galan janar. Daga ƙarshen 1986 ciwo ya kama shi a ƙwaƙwalwa, ya riƙa zuwa Faransa magani. A Yuni 1987 anka kira jama'a ƙuri'ar amincewa da wata takardar tsarin ƙasa, wadda ita ce ƙuri'a ta farko tun hawanshi. Bai ga abin da zai biyo bayanta ba. Ya rasu a asibiti a Paris ran 10 ga Nuwamba 1987, yana da shekara 56. Anka kawo gawarshi anka rufe shi a Fandu.

Hafsoshi sunka zaɓi Kolonel Ali Saibu, wanda ya riƙe mashi rundunar soja. Ali Saibu ya sassauta, ya saki ƴan siyasa, ya ba Jori ƴancinshi, Jori ya rasu a Maroko a 1989. A 1989 ɗin ne anka buɗe babban filin wasa na Yamai mai sunan Kunce. Majalisun raya ƙasa da ya kafa sunka rikiɗe jam'iyya guda, MNSD. Shekara huɗu ba su cika da rasuwarshi ba anka zauna babban taron ƙasa na 1991, inda mutane sunka amayar da abin da sunka haɗiye shekara da shekaru. Ƙofar da ya buɗe a 1974 kuwa ba ta rufu ba: soja sun sake karɓar mulki a 1996, da 1999, da 2010, da 2023.

ABIN DA MUNKA GANI CIKI

Yaron da ya yi magana wurin taro yana da gaskiya, dattijon da ya amsa mashi shi ma yana da gaskiya. Kunce ya tsare hatsin talaka, ya sa ma'aikaci ya ji tsoron dukiyar jama'a, kuma ba a san shi da tara abin duniya ba. Amma tsaron nan duk a jikin mutum guda ya rataya. Ba a bar wata majalisa ko jarida ko alƙali da zai iya tambayar shugaba ba, shi ya sa Bonkano ya yi ƙiba a inuwarshi ba mai iya cewa uffan, kuma shi ya sa da anka rufe shi a Fandu tsoron ya bi shi kabari.

Mu a ƙungiyarmu ba mu da soja, ba mu da gidan kaso, kuma ba mu son su. Abin da muke da shi littafi ne da bakin magana. Don haka muke roƙon taro mai zuwa ya tsai da abu uku. Makullin rumbun tsimi ya zama biyu, ɗaya hannun dattijo ɗaya hannun wakiliyar mata. A auna hatsin da ke ciki gaban jama'a da kaka da kuma farkon bazara. Ma'aji ya karanta kuɗin shiga da na fita da babbar murya, a kuma aika ma ƴan ci-rani kwafi, tun da guminsu ne. Wanda ya yi tambaya, yaro ne ko babba, a ba shi amsa, kada a ce ya yi rashin kunya.

Dattawan da sunka ga 1973 da El Buhari da idonsu, muna roƙon ku zauna da jikokinku ku ba su labari tun kuna da ƙarfi, mu kuma za mu rubuta abin da kunka faɗa a fitowa ta gaba.

Allah ya jiƙan waɗanda sunka riga mu, shugabanni da talakawa, waɗanda yunwa ta ɗauka da waɗanda sunka mutu a tsare. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya maido matafiyanmu gida lafiya. Amin.

Wassalam.